Neman Gida Ga Ƙaramin Jirgin Duba Gona A Bata

Kowane kayan aiki mai daraja da gidansa. Wuƙa tana da kube, kibiya tana da kwari, ko allurar tela ma ba a yar da ita ko'ina. To, ga wani sabon kayan aiki ya fara shiga hannun malaman gona da ƙungiyoyin manoma, watau ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda waɗansu ke kira kurman jirgi. Mutane su kan zuba kuɗi masu yawa su saye shi, sa'an nan su jefa shi cikin jakar leda ko aljihun babur. Alhali kuwa in aka lissafa, zamansa a sama 'yan mintoci ne, sauran kwanakinsa duka a hanya ya ke yinsu ko a ɗaki. Saboda haka wanda ya sayi jirgi bai gama sayayya ba sai ya sama masa gida.

Amfaninsa A Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ana noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa a filaye masu faɗi, waɗanda malamin gona guda ba ya iya zagaye su da ƙafa a yini ɗaya. Jirgin nan kuwa in ya tashi, cikin ɗan lokaci zai nuna inda ruwa bai kai ba, da inda ya kwanta ya yi yawa, da inda ganye ya soma ɗorawa, da inda shinkafa ta faɗi. Ba ya ganin tsutsa ita kanta, kuma irin wannan ƙarami ba ya feshi. Aikinsa shi ne ya nuna wa mutum inda zai dosa ya duba da idonsa.

Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da su ke kira Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa. Irin wannan ɓarna cikin kwanaki ta ke yaɗuwa. In jirgi ya lalace daidai wannan lokaci, aka zauna jiran kayan gyara, to kuɗin da ƙungiya ta tara ya tafi a banza, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar bukata ce a ke sanin amfanin kaya.

Inda Rauninsa Ya Ke

Yawancin ƙananan jiragen da a ke gani na kamfanin DJI ne, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. A 2019 kamfanin ya fito da Mavic Mini mai nauyin giram 249, watau kamar rabin ledar ruwan sha. A 2020 ya fito da Mini 2, wanda in aka naɗe hannuwansa tsawonsa wajen santimita 14 ne, faɗinsa 8, kaurinsa 6. Abin da ya sa shi sauƙin ɗauka shi ne kuma ya sa shi rauni.

Wuri mafi rauni shi ne wuyan da ke riƙe da kyamara. Waɗansu 'yan injuna uku ne ke juya shi don hoto ya tsaya cak, kuma a kan 'yan robobi ya ke lilo. Girgizar babur a kan hanyar burji tana wahalar da shi ƙwarai. Na biyu farfela, siraran robobi ne, in aka danne su su kan lanƙwashe ko su tsage, jirgi ya riƙa rawa a sama. Na uku injunan farfelar, a buɗe su ke, kuma da mayen ƙarfe a cikinsu, saboda haka su kan jawo ƙurar da ke da ƙarfe-ƙarfe su riƙe. Na huɗu batir, wanda ba ya shiri da zafi ko kusa.

Watau dai abokan gābansa huɗu ne: girgiza, da ƙura, da zafi, da danshi. Duk huɗun kuwa ƙasar Kano tana da su, kowanne da lokacinsa. Hazon hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin bazara a Maris da Afrilu da Mayu, ruwan damina da ya fi ƙarfi a Agusta, hanyar gona kuwa kullum tana nan.

Gidaje Iri Uku

Akwai jakar yadi mai laushi, irin wadda a kan haɗo da jirgin in an sayi babban ƙunshi. Ba ta da nauyi, amma in aka ɗora mata buhu ko aka zauna a kanta ba ta kāre kome, kuma ƙura tana bi ta zif.

Akwai akwatin roba mai tauri, mai zoben roba a bakin murfi, irin na kamfanin Pelican na Amurka da makamantansa. Masu kyau daga cikinsu suna da alamar IP67, ma'anarta ƙura ba ta shiga, kuma zai jure nutso cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Wannan ya fi duka ƙarfi. Aibinsa tsada da nauyi, don shi kaɗai ya kan zarce kilo guda. Jirgi da na'urar tuƙi da batura biyu na ƙari da wayoyinsu, su ma wajen kilo guda ne. Mai bin bakin kanal da ƙafa, ga gorar ruwa ga littafin awo, ba da daɗewa ba zai soma barin akwatin a mota ya rungumi jirgin a hannu. Akwatin da aka bari a mota kuwa bai tsare kome ba.

Na ukun yana tsakani, watau kwanso mai ɗan tauri na robar da a ke kira EVA, an lulluɓe shi da yadi, an yi masa gurabe a ciki. Ba shi da nauyi, yana jure bugu da 'yar faɗuwa, yana kuma shiga jakar goyo. Ba ya hana ruwa in ya faɗa kanal, amma yana tare yayyafi. Ga mai zuwa gona kullum wannan ya fi dacewa. Ƙungiyar da ke ɗora kayanta a bayan a-kori-kura tare da buhuna, ita ce ta ke bukatar mai taurin.

Abin Yi A Bata

Bata tana nan inda Fagge ta haɗu da Sabon Gari, dab da babbar kasuwar da a ke kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Ta sami sunanta daga kantin takalma na kamfanin Bata, wanda aka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894. Sunan ya dace da wannan magana, gama sayen gidan jirgi kamar sayen takalmi ne: in ya yi yawa ƙafa ta yi ta yawo a ciki, in ya matse ya ji mata ciwo.

Saboda haka kada a tafi kasuwa sai da awo. A shimfiɗa kwali, a jera jirgin a naɗe da murfin kyamararsa a sanye, da na'urar tuƙi, da batura, da abin caji, a zagaye kowanne da fensir, a rubuta kaurinsa a gefe. Wannan kwali shi za a riƙe a tafi da shi, a bar jirgin a gida. Kasuwa wurin cunkoso ce, kuma fito da kaya mai tsada a gaban jama'a yana jawo ido, yana kuma ƙara wa ciniki tsada.

In an dace da kwanson da aka yi don jirgi, a duba sunan samfurin da kyau. Gidan Mini 2 ba ya ɗaukar Mini 3 Pro na 2022, ko Mini 4 Pro na 2023, domin siffarsu ta bambanta. Mai kanti zai iya cewa duk ɗaya ne, amma kwalin awo shi zai raba gardama. A ja zif ɗin sau da yawa a ga ko yana cijewa. A duba ɗinkin hannu da na maratayi, don nan ne ya ke fara yagewa. A guji mai maɓallin mayen ƙarfe, saboda jirgin yana da kamfas a cikinsa, mayen ƙarfe kuwa yana rikita shi. In da zaɓi, a ɗauki mai launi mai haske, gama baƙi ya fi shan rana.

In ba a samu ba, kada a ce an yi zuwan banza. Duk abin da a ke bukata a haɗa gida mai kyau yana nan cikin kasuwar da kewayenta.

Yadda A Ke Haɗawa

Da fari a nemi mazubin roba mai murfi mai kama baki, irin na ajiye abinci mai makullai huɗu da zoben roba, ko ƙaramin akwatin kayan aiki. Ya kasance ya fi zanen kwalin da kamar santimita 2 ta kowane gefe, har sama da ƙasa.

Sa'an nan a nemi soso. Soson katifa bai dace ba, don yana shan ruwa, in ya tsufa kuma ya riƙa marmashewa, garinsa ya shiga injuna. Wanda a ke so shi ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin wanda masu yin takalma ke yanka ƙasan silifa da shi. A sayi falle uku ko huɗu. Na ƙasa a bar shi ba huji. Na tsakiya a ɗora kwalin a kai, a yanke gurbin kowane abu da sabuwar reza. Na sama a manna shi cikin murfi. Gurbin jirgi ya kama cikinsa da bayansa, amma a bar sarari wajen kyamara da farfela, kada kome ya taɓa su. Kowane batir da gurbinsa dabam, kada bakinsa ya haɗu da makulli ko ƙusa ko kwabo, gama haka na iya ta da wuta.

In an manna da gam, a bar akwatin a buɗe kwana biyu ko uku har wari ya fita. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa a nisance shi, domin tururinsa yana barin farin dusa-dusa a kan gilashi.

Daga nan sai wajen tela ko baduku. Telolin Fagge sanannu ne, yadi mai kauri kuma ga Kantin Kwari nan kusa. A ɗinka wa akwatin riga mai maratayi biyu, don a goya shi a baya. Jikin mutum yana shanye girgizar babur, amma abin da aka ɗaure da roba a kan kariya, kowane rami sai ya ji shi. A sa telan ya yi aljihu guda a waje na takardu.

Gwaji Kafin Amfani

Gwaji uku sun isa. A kunna tocila a sa ciki, a rufe, a shiga ɗaki mai duhu. Inda haske ya fito, nan ƙura za ta shiga. A sa farar takarda a ciki, a rufe, a kwarara masa ruwa da buta, a buɗe a duba. Na ƙarshe, a jera kayan duka, a rufe, a girgiza a kusa da kunne. In an ji wani abu yana motsi, a ƙara soso har ya yi shiru.

Abin Da Akwati Ba Ya Yi

Akwati ba ya sanyaya kaya. Masu ƙera Mini 2 sun ce iyakar zafin da zai yi aiki a ciki digiri 40 ne, zafin Kano kuwa a Afrilu ya kan kai nan, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya wuce haka nesa. Saboda haka a gona a nemi inuwa a ajiye shi. Batirin da ya sauko daga sama da zafinsa, a bari ya huce kafin a rufe shi. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi, kada kuma a kwana da shi a ɗaki. In za a yi kwana goma ko fiye ba a tashi ba, a ajiye batura da wajen rabin caji.

Da damina, kada a rufe jirgi da laima a jikinsa. 'Yan ƙunshin nan masu tsaba-tsaba da a ke samu cikin kwalin sabon takalmi suna shan danshi, a roƙi masu kantin takalma a jefa biyu ko uku a ciki. Kada kuma a haɗa akwatin da takin zamani ko maganin feshi a jaka ɗaya, don taki yana jawo laima, yana kuma cin ƙarfe.

Maganar Takardu

Aljihun nan na waje ba ado ba ne. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa kada kowa ya tashi jirgi marar matuƙi sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Wanda zai yi aiki da shi ya tuntuɓi hukumar ya ji ƙa'idar da ta shafi irin nasa, ya kuma riƙa tafiya da rasidin saye da takardun izni da katin shaidarsa. Ya kyautu kuma ya gaida mai gari ya sanar da shi kafin ya tashi jirgi a kan gonakin mutane. Kada kuma ɗoki ya sa wani ya gwada tashinsa a Bata, gama filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana nan arewa da Sabon Gari, 'yan kilomitoci kaɗan.

Noman rani yana tafe. Ƙungiyar da ta riga ta sayi jirgi, ta wakilta mutum guda ya yi awo a kwali, ya shiga kasuwa tun yanzu kafin hazo ya sauko. Wadda ba ta saya ba tukuna, ta sa kuɗin gidan cikin lissafi tun daga farko. Rigakafi ya fi magani.