Ko Kun Sani? Akwai Gaɓar Tekun da Yashinta Ruwan Hoda Ne

A tsibirin Harbour da ke ƙasar Bahamas akwai gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 5 wadda yashinta ruwan hoda ne, kuma ba wanda ya rina shi. Wasu ƙananan halittu ne da ake kira foraminifera, masu jan ɓawo, suke maƙale a ƙarƙashin duwatsun murjani. Idan suka mutu, igiyar ruwa ta niƙe ɓawon, ta watso garinsa bakin gaɓa, ya cakuɗu da farin yashi.

Amma kada hotunan intanet su ruɗe ku, da yawansu an ƙara musu armashi. A ido launin bai cika ƙarfi ba, ya fi fitowa inda yashin ya jiƙe, musamman da sanyin safiya ko gab da faɗuwar rana.

Akwai irinta a Bermuda da tsibirin Komodo na Indonesiya. A tsibirin Budelli na Italiya kuwa, masu yawon buɗe ido sun yi ta ɗibar yashin a kwalabe suna tafiya da shi tsaraba, har hukuma ta hana taka gaɓar tun shekarun 1990.