Ƙaurar da tsofaffin rubuce-rubucen Damargu zuwa sabon faifan kwamfuta: matsalar haruffa

Wannan ɗan bayani ya shafi masu bincike da ke riƙe da tatsuniyoyi, hirarraki da jerin kalmomi da aka tattaro a Damargu, wato yankunan Tanut da Belbeji, aka kuma buga su cikin kwamfuta tun shekarun 1990. Babban faifan ciki, wanda ake ce ma disque dur da Faransanci, ba ya dawwama. Zafi da ƙura suna ƙara rage masa kwana. In lokacin sauya shi ya yi, kwafar fayil ba ta da wuya. Wuyar tana ga karanta shi bayan an kwafe.

Dalili shi ne kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. A tsofaffin tsare-tsare gurabe 256 ne kaɗai, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu. Saboda haka masu bugu suka riƙa amfani da zubin haruffa na musamman, inda aka ɗora harafi mai ƙugiya kan gurbin wani harafi da Hausa ba ta buƙata, misali ƙ kan q. Muddin zubin yana cikin na'urar, ido yana ganin baƙi. A kan faifan kuwa baqi aka rubuta. In aka kai fayil ɗin sabon faifai ba tare da zubin ba, abin da ke ƙasa shi ke fitowa. Zubin SIL IPA93, da aka yi amfani da shi sosai wajen rubutun furuci, irin wannan dabara ya bi. Ko Faransanci bai tsira ba: é lamba 130 ce a DOS, 233 a Windows.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa tun 1991: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Can ya kamata a mayar da komi. Amma a nan ne ake yin ɓarna mafi muni, musamman a rubutu mai harshe biyu irin namu. Wanda ya umurci na'ura ta mayar da kowane q ya zama ƙ zai gyara (1) ya lalata (2):

(1) qasar Damargu → ƙasar Damargu
(2) le puits que... → le puits ƙue...

Dole ne sauyin ya bi harshe. A fayil na Shoebox ko Toolbox abin da sauƙi, tunda kowane layi na da alamarsa, ana iya taɓa layin Hausa a bar na fassara. A fayil na Word sai a bi sunan zubin, shi ya sa bai kamata a mayar da shi rubutu tsura kafin sauyin ba: sunan zubin zai ɓace, kuma shi kaɗai ne shaidar inda Hausa ta tsaya. Manhajar TECkit ta SIL don wannan aiki aka yi ta.

Damargu na ƙara wata wahala, domin a can Hausa na zaune da Tamajak, Barbarci da Fulatanci, kuma hira ɗaya kan haɗa biyu. Tamajak da Barbarci suna da wasalin ǝ a ƙa'idojin rubutu da Nijar ta tsayar a 1999. Unicode na da haruffa biyu masu wannan kama, U+01DD da U+0259, manyansu kuma sun bambanta: Ǝ da Ə. Ido ba ya raba ƙananan, na'ura tana rabawa. In aka gauraya su, neman kalma zai kawo rabin misalai, ƙidaya ta fito ƙarya. A zaɓi ɗaya a rubuta zaɓin.

Game da manhajoji, magana kaɗan ce. Mafi yawansu ba sa aiki in an kwafe su kawai, sai an sake girka su. Na zamanin DOS, irin WordPerfect 5.1, ba sa tashi a Windows mai bit 64, sai ta hanyar manhaja irin DOSBox. A ganinmu amfanin rayar da su ɗaya ne: a buɗe fayil sau ɗaya a fitar da shi.

Tun kafin wannan duka, a ɗauki hoton tsohon faifai gaba ɗaya, har da ma'ajiyar zubin haruffa, a yi aiki kan kwafi. Faifan IDE na buƙatar mahaɗi kafin ya shiga na'urar SATA ko USB. A kuma bar sunayen fayil yadda suke. Belbeji sai a 2011 aka cire ta daga Tanut, don haka fayil mai sunan Tanut yana iya ƙunsar hirar da aka yi a Tarka. Gyaran wurin a takardar bayani ake yin sa, tare da shekarar ɗauka.