Wasan Kwaikwayo Ya Shiga Ƙauye

'Yan'uwa, yawancinmu a Birnin Kudu da Gwaram mun ɗauki wasan kwaikwayo abin ban dariya kawai. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, darasi ne tun 1975, zamanin Michael Etherton. An gina dandali na ginin ƙasa a Samaru, inda ɗalibai ke nuna wasa, rawa da waƙa. A 1977 suka kai "Wasan Manoma" ƙauyukan Soba, domin manoma su ga matsalolinsu da idonsu, su kuma tattauna. Mu ma tsadar taki da rikicin manoma da makiyaya suna damunmu. Matasanmu masu shirya wasan Kirsimeti, me zai hana ku gwada haka ranar kasuwa?