Babur mai hayaƙi ya sake farfaɗowa a Turai

A daidai lokacin da babura masu shan fetur haɗe da baƙin mai ke ɓacewa daga hanyoyin karkara a arewacin Najeriya, wasu kamfanoni a Turai da Japan na ci gaba da ƙera sababbinsu, inda ake sayar da wasu a kan kuɗin da ya haura dala 10,000.

Duk wanda ya yi wayo a ƙauyukan ƙaramar hukumar Makoda da ke arewacin jihar Kano kafin shekarar 2000, ba zai kasa tuna irin wannan babur ba. Tun daga nesa ake jin ƙararsa mai kaifi, idan kuma ya wuce sai ya bar shuɗin hayaƙi a kan burtali, da wani wari wanda ba a mantawa da shi.

Vespa ta 'yan kasuwa, da Suzuki 100, da Yamaha 100, da kuma Jincheng AX100 ta ƙasar Sin wadda ta zo daga baya, duk irin wannan inji ne a cikinsu. Injiniyoyi na kiransa mai bugu biyu.

A yau kuwa, akasarin baburan da ke kai buhunan gero da gyaɗa kasuwar Dambatta masu bugu huɗu ne, kamar Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, da ƙananan nan da ake kira roba-roba.

To amma injin da talaka ya bari bai mutu ba. Ya samu mafaka a wani wasan tseren babura da ake kira enduro.

Bugu biyu da bugu huɗu

Abin da ake nufi da bugu shi ne tafiyar fistin sau ɗaya a cikin silinda, daga sama zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama.

Kowane injin fetur na da aiki huɗu da ya wajaba ya yi: ya shaƙi mai da iska, ya matse su, filogi ya kunna musu wuta su tura fistin, sa'annan ya fitar da hayaƙi. Inji mai bugu huɗu na ba kowane aiki lokacinsa, yana kuma da bawul da ke buɗewa da rufewa domin kada ayyukan su cakuɗe. Saboda haka wuta na tashi sau ɗaya ne a duk juyi biyu na injin.

Shi kuwa mai bugu biyu, yana haɗa ayyukan huɗu a hawa ɗaya da sauka ɗaya. Ba shi da irin wancan bawul. Wasu ƙofofi ne a jikin silinda, fistin na toshe su yana buɗe su yayin da yake kai da komowa. A kowane juyi sai wuta ta tashi.

Daga nan ne duk alherinsa da duk aibinsa suka samo asali. Kayan cikinsa kaɗan ne, ba shi da nauyi, kuma yana ba da ƙarfin da ya zarce girmansa. Bakanike a gindin bishiya kan iya kwance kansa ya sauya zobe ya mayar kafin a kira sallar azahar.

Sai dai da yake fetur da iska na bi ta ƙasan injin kafin su hau silinda, babu wurin da baƙin mai zai kwanta kamar yadda yake a mai bugu huɗu. Dole ne a gauraya shi da fetur, ko dai a cikin tanki, ko kuma a zuba shi a wani ɗan tanki na gefe inda famfo ke ɗiga shi sannu a hankali. Ko ta wace hanya aka bi, ƙonewa yake yi tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin nan.

Akwai kuma wata ɓarnar da ido ba ya gani. Ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi na kasancewa a buɗe lokaci guda na ɗan wani taƙi, don haka wani kaso na ɗanyen fetur kan bi hayaƙi ya fice ta salansa ba tare da ya ƙone ba. A tsofaffin injuna, abin da ke salwanta ta haka kan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Mai babur ya biya kuɗinsa, na bayansa kuma ya shaƙa.

Sirrin da aka tsallaka da shi

Injin dai ba sabo ba ne. Wani ɗan Scotland, Dugald Clerk, ya yi rajistar irinsa a 1881, kuma bayan shekaru goma wani Bature ɗan Ingila, Joseph Day, ya fito da fasalin da ƙananan injuna ke bi har yanzu.

Amma mutumin da ya mayar da shi abin tsoro a fagen tsere shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas. Kaaden ya ƙware wajen sarrafa salansa mai ƙaton ciki, wadda ke faɗaɗa a tsakiya sa'annan ta tsuke a ƙarshe. Idan hayaƙi ya fito da ƙarfi ya daki wurin da ta tsuke, sai wani matsi ya dawo da baya, ya tura ɗanyen man da ya fara tserewa ya koma cikin silinda kafin fistin ya rufe ƙofa. Ya zuwa 1961, ɗan ƙaramin injinsa mai cc 125 na ba da ƙarfin doki 25, abin da ya girgiza manyan kamfanoni.

A watan Satumba na wannan shekara ne gwanin mahayansa, Ernst Degner, ya yi amfani da damar wata gasa a Sweden ya gudu zuwa yammacin Turai. Daga nan ya shiga kamfanin Suzuki da abin da ya koya, kuma a 1962 ya ciwo wa kamfanin kambunsa na duniya na farko. A shekarun da suka biyo baya, Suzuki da Yamaha sun cika kasuwannin Asiya da Afirka da ƙananan babura masu bugu biyu, har suka iso Kano.

Abin da ya kore shi

Dokokin taƙaita hayaƙi ne suka fara yi masa tarnaƙi. Indiya, wadda ke cikin manyan masu ƙera ƙananan babura, ta tsaurara nata dokokin a shekarar 2000, kamfanoninta kuma suka karkata ga masu bugu huɗu. Abin da Indiya da Sin suka ƙera kuwa, shi ake samu a kasuwar Kano.

A fagen wasanni ma haka aka yi. Babbar gasar tseren babura ta duniya ta buɗe ƙofa ga masu bugu huɗu a 2002, kuma ba a daɗe ba suka mamaye ta. Kamfanin Honda ya daina ƙera shahararren baburinsa na tseren ƙasa, CR250, bayan 2007.

A karkara, lissafin aljihu ya fi doka tasiri. Tun bayan da gwamnatin Kano ta haramta ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairun 2013, sakamakon harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sana'ar acaɓa ta fi ƙarfi ne a garuruwa da ƙauyuka. Ɗan acaɓan ƙauye kuwa ribarsa na cikin nisan da lita ɗaya za ta kai shi. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ya ƙara hawa. Babur mai zubar da rubu'in mansa ta salansa, ga kuma kuɗin baƙin mai a kai a kai, ya zama kaya.

Inda aka fi cin karo da wannan inji yanzu shi ne a ƙananan janaretoci da ake haɗa wa mai a galan, da zarton yankan itace mai inji.

Mene ne enduro?

Enduro tsere ne na juriya a inda babu hanya: cikin daji, kan duwatsu, cikin rafi da taɓo. Ya bambanta da gasar Paris zuwa Dakar wadda mutanen Agadez da Yamai suka sani, inda ake sheƙa gudu a fili na ɗaruruwan kilomita a yini. A enduro mai tsanani, mahayi kan shafe sa'a guda bai yi kilomita biyu ba, wani lokacin ma shi ke jan babur ɗin da hannu.

Gasa mafi daɗewa ita ce ta kwanaki shida, wadda aka fara a garin Carlisle na Ingila a 1913. A Afirka akwai Roof of Africa, da ake yi a tsaunukan Lesotho tun 1967. Wadda ta fi suna wajen wahala ita ce ta Erzberg, da ake gudanarwa tun 1995 a wani wurin haƙar tama a Ostiriya. Mahaya 500 ne ke samun gurbin tseren ƙarshe, ana kuma ba su sa'o'i huɗu. A 2015 mutum biyar kacal suka kai ƙarshe.

A irin wannan wuri, mai bugu biyu ba shi da na biyu. Wanda zai ɗaga babur daga tsakanin duwatsu sau ashirin a yini ya san darajar kowane kilo. Injin mai cc 300 na iya tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ya mutu ba, ba ya saurin ɗaukar zafi kamar kishiyarsa, kuma idan ya nutse a rafi, sai a cire filogi a kifa shi a zubar da ruwan, a tayar a ci gaba. Bajamushen nan Manuel Lettenbichler ya lashe gasar Erzberg sau huɗu a jere, daga 2022 zuwa 2025, a kan KTM 300 mai bugu biyu.

Abin da ke sabo

Matsalar masu ƙera baburan ita ce, a Turai sai babur na da rajistar hawa titi ake shiga da shi gasa da dama, rajista kuwa sai an cika sharuɗɗan hayaƙi. Da ƙa'idar Euro 4 ta fara aiki a 2016 da 2017, sai ya zamana da wuya tsohon tsarin kafireta ya wadatar.

A 2017 kamfanin KTM na Ostiriya ya fito da babura masu cc 250 da 300 waɗanda ba su da kafireta. A maimakonta an sanya na'urorin fesa mai guda biyu a ƙofofin silinda, wata 'yar kwamfuta na auna yawan man da lokacin fesa shi, gwargwadon zafin inji da yanayin iska. Baƙin mai na cikin tankinsa daban, famfon lantarki na ba da daidai abin da ake buƙata. A 2023 kamfanin ya sake fasali, ya mayar da wurin fesa man zuwa maƙogwaron shigar iska, ya kuma sa lantarki ya riƙa sarrafa girman ƙofar hayaƙi. Husqvarna da GasGas, waɗanda ke ƙarƙashin rukuni ɗaya da KTM, sun bi sahu. Beta ta Italiya da Sherco ta Faransa da Yamaha ta Japan su ma na da nasu masu bugu biyu, ko da yake sun daɗe suna riƙe da kafireta.

Sabon tsarin ya rage hayaƙi da shan mai, amma bai kawar da su ba. Har yanzu baƙin mai na ƙonewa, kuma waɗanda ake yi wa rajistar titi sai an rage musu ƙarfi sosai kafin su cika sharaɗi.

Ko zai yi amfani a Makoda?

A ido, babur ɗin kamar don hanyoyin damina aka yi shi. Nauyinsa bai wuce kilo 105 da 'yan kai ba idan babu mai, ƙarfinsa ya kusa doki 50, wato ya ninka na Boxer kusan sau shida, tayoyinsa masu ƙuraje ne, cikinsa kuma ya yi nesa da ƙasa. Yashi da zaizayar ruwa ba za su tsayar da shi ba.

Sai dai mazauninsa siriri ne, na mutum ɗaya, tsayinsa daga ƙasa ya kusa mita guda, babu kuma wurin ɗaura buhu. Tankinsa lita tara ne ko kusa da haka. Da sa'o'i ake ƙidaya lokacin sauya fistin ɗinsa, ba da shekaru ba. Yana buƙatar tsaftataccen fetur da baƙin mai na musamman, idan kuma na'urar fesa mai ta samu matsala, sai an haɗa shi da kwamfuta kafin a gane. Sauƙin gyaran da ya sa manoma suka so tsohon injin, shi ne farkon abin da sabon ya rasa. Manomin da ke son kai matarsa asibiti da dare, ko ya ɗauko taki buhu biyu, ba abin da zai yi da shi ko da kyauta aka ba shi.

Akwai dai wata alaƙa tsakanin baburan biyu wadda ba kowa ya sani ba. A watan Nuwamban 2024 kamfanin KTM ya shiga hannun kotu saboda bashin da ya yi masa katutu, har aka dakatar da aiki a masana'antarsa ta Mattighofen. Wanda ya cece shi shi ne Bajaj, wanda ya fara sayen hannun jari a cikinsa tun 2007. A watan Mayun 2025 Bajaj ya samar da kuɗi kimanin euro miliyan 800, kafin ƙarshen shekarar kuma ya karɓi ragamar kamfanin.

Ke nan kamfanin da Boxer ɗinsa ta maye gurbin babura masu hayaƙi a ƙauyukan Kano, shi ne a yanzu ke da iko da masana'antar da ke ƙera KTM 300.