Ƙwaƙwalwar Bahago Ba a Juye Take Ba

A cikin shekarar 1861, wani likita Bafaranshe mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci a asibitin Bicêtre, kusa da birnin Faris, wanda ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", alhali kuwa yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya binciki ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da lahani a ɓarin hagu, ta wajen goshi.

Sannu a hankali aka tabbatar cewa wannan ɓarin, wanda ke sarrafa hannun dama, shi ne mazaunin magana ga akasarin mutane. Shi ya sa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sau da yawa magana ma takan gagare shi.

An daɗe ana zaton al'amarin bahago a juye yake, har wasu malamai na dukan yatsun yaro wai don su daidaita shi. Wannan kuwa kuskure ne. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu amfani da hagu, maganarsu daga ɓarin hagun take fitowa, kamar kowa. Sauran ko dai tana dama, ko kuma ɓangarorin biyu sun raba aikin.