Daga Powerman Zuwa Nabil Fawzi: Tsofaffin Mujallun Jarumai da Manhaja Ba Ta Adana Ba

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka ya sayar da wata tsohuwar mujallar labarin zane a kan dala miliyan 6. Mujallar ita ce Action Comics fitowa ta 1, wadda aka buga a 1938 a kan santi 10, kuma a cikinta Superman ya fara bayyana. Irin wannan labari shi ne ke cika kafafen yaɗa labarai. Amma a cikin masu tara waɗannan mujallu akwai wani rukuni da bai damu da bugun Amurka ba. Abin da suke farauta shi ne bugun ƙasashen waje, wato Superman da ke magana da Larabci, ko Spider-Man na Faransanci, ko jarumin da aka zana musamman domin kasuwar Najeriya.

Wannan harka ta shafi yanki irin masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin yanki ne da rubutun Ingilishi da na Faransanci da na Larabci suka daɗe suna haɗuwa.

Me ake nufi da bugun waje?

Kamfanonin Marvel da DC kan sayar wa maɗaba'un wasu ƙasashe lasisin fassara labaransu. Duk mai kallon finafinan Indiya na fassarar Algaita ya san fassara ba ta tsayawa a sauya harshe kawai: suna kan canza, barkwanci kan canza, har a ji kamar a unguwa aka yi labarin. Haka abin yake a mujallun zane.

A 1964 wata maɗaba'a a Beirut ta fara buga Superman da Larabci. Ɗan jaridar nan Clark Kent ya koma Nabil Fawzi, Batman ya zama Al-Watwat, wato jemage. Da yake daga dama ake karanta Larabci, sai aka riƙa juya hotunan kamar a madubi, har harafin da ke ƙirjin Superman ya riƙa fitowa a juye.

A Faransa, maɗaba'ar Lug da ke birnin Liyon ta fara da mujallar Fantask a 1969, amma hukumar tace littattafan yara, wadda dokar 1949 ta kafa, ta sa aka dakatar da ita bayan fitowa 7. A Janairun 1970 sai Lug ta fito da Strange, kuma don gudun maimaituwar abin da ya faru, masu zanenta suka riƙa goge wuraren faɗa mai tsanani da fuskokin dodanni. Wolverine ma sunan Serval aka laƙaba masa, sunan wata kyanwar daji ta Afirka. Ke nan shafin da ke cikin Strange ya sha bamban da wanda aka buga a Amurka.

A Meziko, maɗaba'ar La Prensa ta fi Amurkawa saurin fitar da Spider-Man, har labaran suka ƙare mata, ta koma ƙirƙirar nata. A bangon ɗaya daga cikinsu an zana auren Peter Parker da Gwen Stacy, auren da bai auku a ainihin labarin ba, domin a 1973 Marvel ta kashe Gwen. A Indiya kuwa, a 2004 aka fitar da Spider-Man ɗan Mumbai mai suna Pavitr Prabhakar, wanda ya fito a fim ɗin Across the Spider-Verse na 2023.

Powerman: na gida da baƙi ke nema

Najeriya ma tana da nata. Daga 1975 zuwa 1977 an riƙa fitar da mujallar Powerman duk bayan mako biyu domin masu karatu a Najeriya. Jarumin baƙar fata ne mai ƙarfin gaske, kuma lagonsa ɗaya ne tak: saran maciji. An sa wa kowane hoto lamba don mai karatu ya san wanda zai bi bayan wani. A Ingila aka zana ta, kuma matasa biyu ne ke karɓa-karɓar zanen: Dave Gibbons da Brian Bolland.

A lokacin babu wanda ya san su sosai. Daga baya Gibbons ya zana Watchmen tsakanin 1986 da 1987, Bolland kuma ya zana Batman: The Killing Joke a 1988, littattafai biyu da ke sahun gaba a tarihin wannan fanni. Saboda haka duk mai son mallakar ayyukan farko na waɗannan mutane biyu dole ya nemi takardar da aka sayar a titunan Najeriya shekara hamsin da suka wuce. An sake buga labaran a Afirka ta Kudu, kamfanin Eclipse na Amurka kuma ya fitar da wasu a 1988 da sunan Power Comics, amma a wurin masu tarawa bugun farko daban yake.

Kafin Powerman akwai African Film ta kamfanin Drum, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972 da labarin ɗan leƙen asiri Lance Spearman, da hotunan kyamara a maimakon zane. A 1987 kuma Captain Africa ya fito, zanen Andy Akman.

Hanyoyi uku da suka ratsa ƙasar Gumel

Takarda ba ta da ƙafa, hanyar fatake take bi. Ta kudu, layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa, ga kuma titin mota da ya haɗa Kano da Gumel, hanyar da jaridu da littattafan boko suka bi suka shigo. Ta arewa, Maigatari na bakin iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Alhamis, wadda ta shahara da cinikin dabbobi, tana haɗa 'yan kasuwar ƙasashen biyu. A wancan tsallaken da Faransanci aka yi karatun boko shekara da shekaru. Hanya ta uku ita ce ta gabas, ta alhazai da ɗaliban Misra da Sudan da Saudiyya, masu dawowa da littattafan Larabci.

Saboda haka duk wanda zai kwashe kayan tsohon malamin makaranta, ko ma'aikacin kwastan da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwar da ya yi zirga-zirgar Magarya da Damagaram, ya kamata ya duba abin da ke ƙasan adaka kafin ya miƙa wa mai ƙosai ta yi ƙunshi da shi.

Abin da manhaja ba ta ɗauka ba

Mai karatu zai iya cewa ai yanzu komai yana waya. Gaskiya ne Marvel Unlimited, wadda aka buɗe a 2007, tana ɗauke da dubban mujallu, haka ma DC Universe Infinite. Sai dai ainihin bugun Amurka ne jarinsu. Nabil Fawzi na Beirut, da shafukan da Lug ta goge, da Powerman na Najeriya, ba a nan ake samun su ba, domin lasisin ya daɗe da ƙarewa, maɗaba'un da yawa kuma sun rufe.

Ko abin da ke manhajar ma aro ne. Amazon ta sayi Comixology a 2014, a Disambar 2023 kuma ta rufe manhajar ta mayar da masu amfani da ita cikin Kindle. Wanda ke biyan kuɗin wata-wata, ranar da ya daina biya ranar ɗakin karatunsa zai kulle. Bugun waje kuwa, idan gara ta cinye kwafin ƙarshe, babu wata ma'adanar kamfani da za a koma a ɗauko shi.

Yadda waya ke gano asalin mujalla

Farashin da ke bango shi ne shaida ta farko. Najeriya ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, don haka mujallar gida mai farashin sule ta girmi wannan rana. Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta a Fabrairun 1971: ƙaramin harafin d a gaban farashi yana nuna kafin sauyin, harafin p kuma bayansa. Farashi da faran na Faransa yana nufin kafin zuwan takardun yuro a 2002.

Shaida ta biyu ita ce ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko cikin bango, inda ake sa sunan maɗaba'a da gari da shekara. Idan harshen baƙo ne, kyamarar Google Translate za ta karanta shi, kuma tun 2016 Hausa ke cikin harsunan manhajar. Google Lens kuma kan nemo bangon da ya yi kama da wanda aka ɗauka.

Daga nan sai a garzaya Grand Comics Database, rumbun bayanai na kyauta a intanet da 'yan sa-kai suka kafa tun 1994. Yana lissafa mujallun ƙasashe da dama, yana kuma nuna wace fitowar Amurka aka fassara. Kowa na iya yin rajista ya ƙara bayani ko hoton bango, wanda ke nufin matashi a Sule Tankarkar zai iya cike giɓin da masu tarawa a Turai suka kasa cikewa.

Ɗaukar hoto da adana fayil

Na'urar sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, irin ta shagunan buga takardu, ita ta fi. A saita ta a ɗigo 600 a kowane inci don ajiya, ko 300 don karatu. Shafi ɗaya a 600 yakan kai kusan megabait 70 idan ba a matse shi ba, mujalla mai shafi 32 kuma ta haura gigabait 2, don haka a tanadi wuri. A ajiye asalin a tsarin TIFF ko PNG, a fitar da JPEG don amfanin yau da kullum. Kada a danne tsohuwar mujalla da murfin sikana, gadon bayanta zai tsage.

Wanda waya kawai yake da ita, ya ɗauka a inuwa da hasken safiya, ba tare da filasha ba, wayar tana daidai saman shafin. Manhajoji irin su Adobe Scan da vFlat suna miƙe shafin da ya lanƙwashe, amma a kashe tacewar da ke ƙara haske, domin takan wanke launin asali. Kada a tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana rage ingancinsu. A tura su a matsayin fayil.

Tsarin CBZ da manhajojin karanta mujallu ke buɗewa ba wani sihiri ba ne: jakar ZIP ce da aka sauya wa suna, hotunan a jere da lamba 001, 002, har ƙarshe. A ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas ko faifan ajiya, ɗaya a ma'adanar intanet. Sannan a tuna haƙƙin mallaka yana hannun masu shi. Sayar da fayilolin ko baza su a zauruka satar fasaha ce a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.

Maƙiyan takarda a arewacin Jigawa

A kan takardar jarida mai araha aka buga akasarin waɗannan mujallu, kuma tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta yin ja ta riƙa karyewa. Zafi na hanzarta wannan, ga shi a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a yankin, ɗakin kwano kuma ya fi waje zafi. Hunturu na busar da ita, damina na kawo danshi da tsatsar ƙusoshin da suka riƙe ta, gara da ɓera kuma ba su da lokaci.

Maganin ba mai tsada ba ne. A sa kowace mujalla cikin ledarta mai tsabta tare da kwali mai ƙwari a bayanta, a kwantar da su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan tebur nesa da bango da taga. Abu biyu ne ba a yi: liƙa salatif a inda ya yage, da kai ta shago a yi mata lamineshan kamar takardar shaidar makaranta. Wannan zafi da gam ba sa warwaruwa, kuma a idon masu saye mujallar ta tashi daga aiki.

Maganar kuɗi

Ba kowace tsohuwar takarda ce dukiya ba. Yawancin bugun waje kuɗinsu kaɗan ne, sai wanda ya haɗa ƙarancin samuwa da lafiyar jiki da shahararren bango. Kamfanin CGC, wanda aka kafa a Amurka a 2000, yana auna lafiyar mujalla daga maki 0.5 zuwa 10 ya rufe ta cikin roba, amma kuɗin aikawa da na aikin kan iya fin darajar mujallar. Mai son sanin farashi ya duba abin da aka riga aka sayar a eBay, ya bar abin da masu talla ke yi wa kuɗi. Duk wanda kuma ya ce a fara biyan wani kaso kafin ya turo kuɗin saye, ɗan damfara ne.

Ribar da ta fi tabbas ita ce ta tarihi. Cibiya irin Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, mai ɗakin karatu da ɗalibai daga duk faɗin masarautar, wuri ne da ya dace a tattara hotunan irin waɗannan takardu. Aikin kuma bai tsaya kan na da ba. Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, a intanet yake sakin jarumansa, Roye Okupe kuma ya gina labarin Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Kwafin takarda na irin waɗannan ayyuka da ke hannun matasa yau, su ne wani zai zo nema nan da shekara hamsin, kamar yadda ake neman Powerman yanzu.