Nauru: tsibirin da ake raba ƙuri'a rabi da sulusi

A tsakiyar tekun Pasifik akwai wata jamhuriya mai suna Nauru, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, mutanenta kuma ba su fi dubu 12 ba. Ta samu 'yancin kai ranar 31 ga Janairu 1968, da arzikin fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Ƙanƙantarta ba ta hana ta rikicin siyasa irin na manya ba.

Majalisar dokokinta tana da depite 19, ana zaɓensu duk shekara 3 daga mazaɓu 8. Ubenide tana da kujeru 4, Meneng 3, sauran shida, wato Aiwo, Anabar, Anetan, Boe, Buada da Yaren, kowace 2. Jefa ƙuri'a wajibi ne ga duk wanda ya kai shekarun zaɓe. Jam'iyyu ba su da ƙarfi. Dangi da sanayya su ne jarin ɗan takara.

Abin mamakin yana wajen lissafi. Tun 1971 suna bin tsarin wani masanin shari'a ɗan ƙasar Ailan, Desmond Dowdall. Mai zaɓe yana jera dukkan 'yan takarar mazaɓarsa bisa fifiko: na farko ya samu ƙuri'a ɗaya cikakka, na biyu rabi, na uku sulusi, na huɗu rubu'i, har zuwa na ƙarshe. A ɗauki misali: masu zaɓe 300, 'yan takara 10. Wanda mutum 100 suka sa a gaba, sauran 200 suka jefa shi ƙarshe, ya tashi da 120. Wanda kowa ya sa na biyu, ko da ba wanda ya fifita shi, ya tashi da 150, ya wuce. Duk ɗan kasuwa ya san wannan hikima: gara ciniki kaɗan da kowa, da babban ciniki da mutum ɗaya. Ɗan takarar Nauru bai isa ya ɓata da gidan da ba zai zaɓe shi ba, don rabin ƙuri'arsu ma dukiya ne.

Sai dai depitocin su ne ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikinsu, su ne kuma ke tuɓe shi da ƙuri'ar rashin amincewa. Marigayi Bernard Dowiyogo sau bakwai yana hawa kujerar kafin rasuwarsa a 2003. A 2010, lokacin kujeru 18 ne, majalisa ta rabu 9 da 9. Kowane ɓangare ya ƙi ba da kakaki, domin wanda ya bayar ya rage murya ɗaya. Aka yi zaɓe a Afrilu, aka sake a Yuni, ba abin da ya canza. Shugaba Marcus Stephen ya yi mulki da dokar ta-ɓaci har Nuwamba, sa'ad da Ludwig Scotty ya karɓi kujerar kakaki. An ƙara wa Meneng kujera guda a zaɓen 2013, maganin da ya rage ciwon amma bai kashe shi ba.

Kada a ce wasan yara ne. A Oktoba 2023 majalisa ta kayar da Russ Kun, ta naɗa David Adeang. A Janairu 2024 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma ga ƙasar Sin, matakin da Nijar ta ɗauka tun 1996.